Kawu Almu da Takardunsa Talatin da Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Cibiyar Koyo Daga Zaune,
wanda ban san ƙofar ofishinsa ba, amma na haddace sa hannunsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa irin wadda ƙaramar yarinya ke yi wa babba, a durƙushe, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikata da kwamfutocin ofis gaba ɗaya. Ina gajiya? Yaya hidimar jama'a? Yaya aka ji da ɗalibai? Allah Ya ƙara girma, Ya kuma ƙara lafiyar ido.

Sunana Rashida Nu'uman. Shekarata goma sha shida, ina aji biyar a sakandaren 'yan mata, gidanmu kuma yana wani lungu a Ƙofar Kaura, nan cikin birnin Katsina. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba. A aji ma idan aka kira sunana sai in ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Amma malaminmu na darasin ɗan ƙasa ya ce tun da sojoji suka koma bariki kowa na da damar ya rubuta wa manya kokensa, muddin ya yi ladabi. Na tambayi Babana, ya ce haka ne, ya ƙara da cewa a zamaninsu ko gaisuwar ba za a bar ni in ƙarasa ba. To ga ni. Idan ka ga rubutun ya ɗan yi rawa, dariya ce, ba raini ba. Yau kwana tara ke nan ana dariya a lungunmu, an rasa mai hana wani.

Bari in fara faɗin abin da nake nema, kada ya ɓace a cikin surutu. Ranar Litinin mai zuwa za a miƙa mabuɗin ɗakin kwamfuta na makarantarmu ga ɗaliba ɗaya. Ita za ta riƙa buɗewa da rufewa, ita kuma aka yarda ta zauna gaban kwamfuta awa guda kullum bayan an tashi. Sharaɗi ɗaya ne: ta kawo takardar shaidar cewa ta yi wani kwas na kwamfuta, da sunanta a jiki. Na yi kwas ɗin a cibiyarku. Na ci maki casa'in da huɗu. Kun aiko da takarda mai kyau, mai zanen zinariya a gefe. Sai dai sunan kawuna ne a jiki.

Ga yadda aka yi. Wata uku da suka wuce muka ji sanarwarku a rediyo: kwasa-kwasai arba'in, kyauta, ga kowa da kowa, waya kawai ake buƙata. Kun faɗi gaskiya. Ba ku dai faɗi ko waya nawa ba. A lungunmu wayoyi suna da yawa, amma ƙananan nan ne masu tocila. Babbar waya mai nuna bidiyo ɗaya ce, ta Kawu Almu, ƙanen mahaifiyata, wanda ke sana'ar kabu-kabu. Kullum bayan Azahar yakan dawo gida, ya ci abinci, ya miƙe a zaure har La'asar. Tsakanin nan waya ta zama tamu. Inna, wato mahaifiyar tawa, ta ajiye agogon bango a kan turmi, kowace mace minti ashirin, kuma sai ta jira kwana biyar kafin layi ya sake zagayowa kanta. Mu talatin da ɗaya ne, daga ni ƙaramarsu har Iya Ma'u mai ƙosai wadda ta ba saba'in baya.

Fom ɗinku ya ce lamba ɗaya, rajista ɗaya. Muka yi rajista da sunan mai waya, Almu Shehu. Ba mu damu ba, domin a ƙarshen kowane kwas kun ajiye wani ɗan akwati mai cewa a rubuta sunan da ake so ya fito a takarda. Ni ce na rubuta wa kowa nata. Ranka shi daɗe, ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai matan da suka yi shekara ashirin ba a kira su da sunan yanka ba, sai Maman wane, sai Goggo, sai Iya. Goggo Kulu, maƙwabciyarmu, sai da ta rufe baki da mayafi kafin ta faɗi nata. Sunan Inna kuwa ban iya furta shi ba, na dai sunkuyar da kai na danna haruffan da sauri. Iya Ma'u ta sa na karanta mata nata sau uku, ta ce ban da katin asibiti da katin zaɓe ba ta taɓa ganin an rubuta shi a ko'ina ba.

Yanzu, cikin ladabi, ga koke-kokena.

Na ɗaya. Ranar da zangonku ya ƙare takardun suka iso gaba ɗaya a wayar Kawu. Ya tafi kafe ɗin Malam Audu, shagon kwamfuta da ke Kambarawa, don a buga mana su. Ta farko ta fito, Almu Shehu, haɗa sabulu. Malam Audu ya ce masha Allahu. Ta biyu ta fito, Almu Shehu, kiwon kaji. Ya ce a'a, sannu da ƙoƙari. Da ta goma sha biyu ta fito, Almu Shehu, kula da mai jego da jariri, sai Malam Audu ya tashi daga kujerarsa, ya cire hula, ya sake gaishe da Kawu tun daga farko. Haka injin ya yi ta amayo su har talatin da ɗaya. A halin yanzu, bisa shaidarku mai ɗauke da sa hannunka, kawuna gwani ne a ɗinkin jakar mata, da gyaran amarya, da noman rani, da lissafin ƙananan sana'o'i, da yin kek, da kiwon kifi, da renon yara masu ƙiriniya, da wasu abubuwa ashirin da huɗu. Mutumin da ko shayi bai iya dafawa ba sai ya ƙone hannu. Ina tambaya, ba don gardama ba: shi wancan ɗan akwatin da muka cika, ado ne? Kun ajiye shi ne don mu ji daɗi, kamar madubi a ɗaki?

Na biyu. Tsarinku ya ce kwas ɗin da aka gama a rajista ɗaya ba a sake shi. Ina jin kun yi haka ne don kada mutum ɗaya ya yi ta maimaita abu. Dabara ce mai kyau. Amma a wurinmu ta zama rabon kayan gwanjo: wadda ta riga ta ɗauki mai kyau, ta baya ta ɗauki abin da ya rage. Inna ta sami sabulu. Matar mai unguwa ta sami kaji. Kafin layi ya kai kan Goggo Kulu, wadda ko Funtuwa ba ta taɓa zuwa ba, saura irin su kwas ɗin karɓar fasinja a jirgin sama. Ta yi shi da zuciya ɗaya. Yanzu duk wanda ya shiga ɗakinta sai ta nuna masa ƙofa da hannu biyu, ta ce masa ta nan ake fita idan wani abu ya faru. Iya Ma'u ta sami kwas ɗin danne fushi a wurin aiki, ta ci ɗari bisa ɗari. Da ta ji sunan wanda ya fito a takardarta, sai da aka riƙe ta mutum uku.

Ni ce ƙarama, ni ce ta ƙarshe a zaɓe. Na sami wanda kowa ya tsallake, wato koyon rubuta wa kwamfuta umarni. A nan ba ni da koke, sai godiya. Ban san akwai abu mai daɗi haka a duniya ba. Ka rubuta wa na'ura abin da za ta yi, layi bayan layi, ta yi, ba ta kalle ka ba, ba ta ce ka ɗaga murya ba a ji. Minti ashirin ɗina kan ƙare kamar an hura ashana. Sauran kwana huɗun sai in riƙa rubuta umarnin a bayan littafin lissafi, ina jiran ranar da zan ga ko ya yi. Wannan ne ya sa nake son mabuɗin nan. Awa guda, kullum, ba agogo a kan turmi, ba mai taɓa mani kafaɗa.

Na uku, abin da kuka mai da kawuna. Malam Audu mutumin kirki ne, amma bakinsa ba shi da marfi. Kafin La'asar labari ya kai bakin tasha. Yanzu abokan sana'arsa Farfesa suke ce masa. Fasinja ba sa hawa su yi shiru kamar da. Wani ya hau ya tambaye shi maganin kajinsa masu gyangyaɗi. Wata ta tsayar da shi a tsakiyar titi don ya duba mata cibiyar jaririnta. Wani ango ya biyo shi har zaure yana neman ya karɓi kwalliyar amaryarsa, da Kawu ya rantse bai iya ba, angon ya tafi yana cewa dama masu ilimi rowa gare su. Shekaranjiya kuma wasu mutum huɗu da manyan riguna suka yi sallama, suka ce jam'iyyarsu na neman ɗan takarar kansila mai takardu, sun bincika kaf mazaɓar ba su ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Kawu ya leƙo cikin gida yana gumi, ya ce wa Inna, "Yaya, don Allah ki hito ki ce masu ba ni nan." Inna ta ce mashi, "Farfesa ba shi ƙarya," ta ci gaba da yankan sabulunta.

Abin da ya fi ba shi haushi kuwa shi ne, kwas ɗaya tak ya taɓa gwadawa da kansa, na gyaran babur. Shekara goma sha bakwai yana kwance injin babur ya ɗaure. Ya faɗi jarrabawar. An tambaye shi abin da zai yi idan babur ya mutu a hanya, ya nemi inda aka rubuta a karkata shi a hura tanki, bai gani ba. Don haka a duk faɗin abin da Allah Ya hore wa ɗan Adam ya sani, abu ɗaya ne kawuna ba shi da shaidarsa, shi ne abin da ya iya.

Na huɗu. Kada ka ce na tsallake ƙananan ƙofofi na zo babba. Sau huɗu na rubuta a wurin da kuka ware don ƙorafi. Sau huɗu amsa ta dawo kafin in ɗauke yatsa, tana cewa, ya kai Almu Shehu, mun gode da sha'awarka ga ilimi. A na ukun na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ni ba Almu ba ce, ni mace ce. Aka amsa, ya kai Almu Shehu, ra'ayinka na da muhimmanci a gare mu. Daga baya na lura duk ƙorafi ɗaya da na aika sai a ƙara wa Kawu maki goma na ƙwazo. Da hannuna na ƙara masa arba'in. Shi ya sa na mai da wannan wasiƙa buɗaɗɗiya, na ba Malam Audu ya liƙa ta a shafinku inda kowa ke gani. Ina fata a wannan karon mutum ne zai karanta, mai ido biyu da abin dariya a cikinsa.

Na kai wa Malama Sa'adiyya, malamarmu ta kwamfuta, takardar a yadda take. Ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa. Na ba ta labari ina kallon ƙasa. Ta yi dariya har ta dafe tebur, ta share hawaye da bakin hijabi, sannan ta ce ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma shugabar makaranta takarda ta sani, kuma ba za a ba Almu Shehu mabuɗin ɗaki a makarantar 'yan mata ba. Akwai wata 'yar ajinmu daga GRA mai wayar kanta, ta kawo tata takardar da sunanta daidai. Yarinyar kirki ce, ba na jin haushinta. Idan ban kawo tawa ba ranar Litinin, ita za a ba.

Na biyar, kuma a nan nake roƙon ka gafarce ni, don ba daidai ba ne ƙarama ta nuna wa babba abu. Na san inda ɓarnar take. Ku kuka nuna mani. A darasi na tara na kwas ɗina, malamin da ke cikin bidiyo ya koya mana yadda ake sa kwamfuta ta buga takardun shaida dubu, kowace da sunan mai ita, ba tare da an rubuta ɗaya bayan ɗaya ba. Ya buɗe jadawalin ɗalibai mai gurbi biyar. Gurbi na ɗaya lambar waya, na biyu sunan mai rajista, na uku kwas, na huɗu maki, na biyar sunan da ɗalibi ya rubuta a cikin ɗan akwatin nan. Sannan ya buɗe rubutun umarnin, ya gyara zama, ya ce mu duba da kyau, wannan shi ne ainihin wanda cibiya ke amfani da shi. Na duba da kyau, kamar yadda ya ce. A layi na goma sha huɗu an umarci kwamfuta ta ɗauko suna daga gurbi na biyu.

Ke nan ita kwamfutar ba ta yi laifi ba. An ce mata biyu, ta ɗauko biyu, sau talatin da ɗaya, cikin biyayya irin wadda ake so ga kowace ɗaliba. Sunayenmu suna nan zaune a gurbi na biyar, ba wanda ya aika a kira su. Gyaran kuwa, ranka shi daɗe, shi ne a goge biyu a rubuta biyar. Na san cibiya babba ce, ƙila sai an kafa kwamiti. Idan an kafa, ina ba da shawarar a sa wanda ya yi darasi na tara a ciki.

Na san za a ce a wasu garuruwan gurbi na biyu da na biyar duk suna ɗaya ne, don kowa da wayarsa. Allah Ya kai mu lokacin. Amma wa kuka yi wa sanarwa a rediyo da Hausa, kuka ce ga kowa da kowa? Ba wanda ya taɓa gaya maku yadda ake aron waya a unguwa? A ofishinku ba mai ƙanwa, ba mai goggo?

Na shida ba koke ba ne, amana ce. A cikin kayan gwaji na darasi na tara kun bar mana zanen takardar, da zinariyar gefenta, da hatiminku. Kun kuma bar hoton sa hannunka. Na gaske, mai wutsiyar nan da ke lanƙwasa sama. Ban sani ba ko mantuwa ce ko gwajin imani. Na gane cewa da layi ɗaya zan iya manna shi a takarda mai sunana, Malam Audu ya buga, ranar Litinin in miƙa, kuma ko kai ba za ka bambance ba. Ba zan ɓoye maka ba, na rubuta layin. Na yi ta kallonsa har minti ashirin ɗina suka ƙare, Goggo Kulu ta taɓa mani kafaɗa. Da layi ya sake zagayowa kaina na goge shi. Karatun nawa ne, amma hannun ba nawa ba ne. Kuma ban ga yadda zan riƙe mabuɗin da aka ba ni amana ba, alhali da satar hannu na karɓe shi. Ina dai roƙo ku cire hoton daga can. Ba duka ɗalibanku ne ke jin tsoron Inna ba.

Na bakwai, wanda saboda shi ne Babana ya ƙware da ruwa ranar Talata. Saƙo ya shigo cewa bayan nazari mai zurfi cibiya ta zaɓi Almu Shehu a matsayin Gwarzon Ɗalibi na shiyyar Arewa maso Yamma. Za a karrama shi ranar Asabar ɗin nan da ƙarfe goma, a wani ɗakin taro a GRA, kai da kanka za ka zo ka miƙa masa kyautar sabuwar waya. Zai yi jawabin minti goma sha biyar kan yadda ya ƙware a fanni talatin da ɗaya cikin kwana casa'in, sannan ya amsa tambayoyin jama'a.

Ranka shi daɗe, a cikin nazarin nan mai zurfi, ba wanda ya ɗan tsaya? Ba wanda ya ce, wane irin bawan Allah ne wannan da zai gama gyaran amarya ranar Lahadi, ya gama noman rani ranar Litinin? Ba wanda ya lura cewa gwarzon ba ya karatu sai tsakanin Azahar da La'asar, kuma duk minti ashirin sai ya canza sana'a?

Da farko Kawu ya ji daɗi, ba zan rufe ba. Ya kai shadda wurin tela. Da aka karanta masa wurin amsa tambayoyi sai ya zauna a ƙasa. Matan lungu suka ce ba za su bari a kunyata shi a gaban baƙi ba, suka ce za su koya masa. Kwana biyu ana yi. Ya zauna a tsakar gida kan tabarma, kowace ta zo da nata. Inna ta ba shi ma'aunin soda. Matar mai unguwa ta ba shi ranakun rigakafin kaji. Goggo Kulu ta tsayar da shi tana nuna masa yadda ake ɗaura bel. Zuwa yammacin rana ta biyu, da aka tambaye shi me ake fara yi wa jariri, ya ce a tace shi a bar shi ya daskare. Iya Ma'u ta ce masa ya ja numfashi ya ƙirga goma. Ya ƙirga, ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Wallahi ban iyawa. Kowa ta zo ta amshi kayanta da kanta."

To haka za a yi. Takardar gayyatarku ta ce gwarzo zai iya zuwa da iyalinsa. A nan ma ba ku faɗi ko nawa ba. Za mu zo mu duka. Abokan sana'ar Kawu sun yi alkawarin babura goma sha shida, sun ce ba za su bari a karrama Farfesa ba su. An yi lalle. Goggo Kulu ta ce ita za ta nuna wa mutane wurin zama. Kada ka tsorata idan ka ji hayaniya a bakin ƙofa, ba zanga-zanga ba ce, ɗalibanka ne.

Ba za mu zo hannu sake ba. Jiya Kawu ya kai ni kafe, Malam Audu ya ba ni kujera. Wannan ne karo na farko da na rubuta umarni a kwamfuta ta gaske. Na shirya jadawalinmu, na ɗauko rubutunku kamar yadda yake, na goge biyu na rubuta biyar. Na danna. Ranka shi daɗe, da ka ga yadda suke fitowa! Kowace da sunan mai ita, da kwas ɗinta, da makinta. Malam Audu yana ɗauka yana karantawa da ƙarfi kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Da ya zo kan tawa na rufe fuska, amma na ji. Wurin sa hannu kaɗai na bari fari.

Idan ka ƙirga za ka ga talatin da biyu ne. Ta ƙarshen ni na ƙara, ina neman afuwa. Sunan Almu Shehu ne a jiki, kuma ita kaɗai ce gaskiya a cikin duk masu ɗauke da sunansa. A wurin kwas na rubuta: ba da aron waya kwana casa'in, da caji, ba tare da ya taɓa ɓata rai ba. A wurin maki na sa ɗari. Kyautar wayar ma muna roƙo a bar masa, duk mun yarda, har Iya Ma'u. Ya riga ya ce tsohuwar wayar za ta zauna a gida gaba ɗaya.

Ban nemi a kori kowa ba. Ban nemi a ba ni haƙuri a rediyo ba. Ba zan iya magana a ɗakin taron ba, don haka kada ka kira ni gaba, za ka gane ni, ni ce mai farin hijabi a bayan Inna, mai rungume da ambulan. Idan kana shakka, ka sa a ba ni kwamfuta da minti ashirin, na saba. Abin da nake roƙo shi ne ka zauna, ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya da idonka, ka sa hannu sau talatin da biyu da hannunka na gaske. Na gwada a bayan littafi, ban da wutsiyar, bai kai minti shida ba. Tawa ce ta ƙasa, amma idan ka ga hannunka zai gaji, don girman Allah ka fara da ta Iya Ma'u, sannan ka zaro tawa, saboda Litinin.

Ka zo da biro mai kyau. Idan ka manta, akwai biyu a cikin ambulan.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ɗaukaka cibiya, Ya kai idonka layi na goma sha huɗu.

Taka mai biyayya a kullum, mai durƙuso har ƙasa,

Rashida Nu'uman,
aji biyar, Ƙofar Kaura, Katsina,
wadda sunanta ke jira a gurbi na biyar.

Ƙarin bayani: idan za ka kira kafin Asabar, ka kira tsakanin Azahar da La'asar. Kafin nan ko bayan nan Farfesa ne zai ɗauka, kuma yana kan babur.